Takalman Tumakin Yaya

Shekarar nan wuta ta ƙi jin magana. Ruwan sama ya ɗauke tun amfanin gona bai nuna ba, ciyawa ta bushe ƙayau, sannan iska ta taso ta ƙi kwanciya. Wata biyu cur daji yana ci. A tare ta gabas, ta ɓullo ta yamma. A haƙa mata rami, ta tsallake shi kamar da gayya. Ƙauyuka goma sha huɗu ta lashe, da gonaki, da gidajen kaji, da injin yankan katako, har turakun lantarki ba ta bari ba. A garin da ke bakin kogi, inda kowa ya gudo, da rana tsaka sai an kunna fitilar mota, kuma duk wanda ya shanya farar riga toka-toka yake kwashe ta.

Cikin waɗanda suka gudo akwai wani baduku da ake kira Basilla. Shekara arba'in yana ɗinkin takalmi, amma waɗanda suka san shi sun ce bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ranar da wuta ta shigo layinsu, ya bar maganin hawan jininsa, ya bar katin shaidarsa, ya bar keken ɗinkin da yake yi wa magana kamar mutum. Abin da ya fito da shi tabarau ne da naɗin kayan aiki a hammata: basilla biyu, wuƙa, ƙaramar guduma da ƙullin zare. Shagon kuwa, daga baya ko inda ƙofarsa take ba a gane ba.

An sauke mutane a makarantar sakandare, iyali huɗu a aji ɗaya. Dabbobi aka zuba a filin ƙwallo, an kakkafa shinge da tebura da waya. Can kusurwa, kusa da raga, nan tumakin yayarsa suke.

Yaya ta girme shi da shekara tara. Ita ta goya shi, kuma har yau, da furfurarsa da komai, Auta take ce masa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tumaki sittin da uku ne abokan zamanta a bayan tsauni. Da wuta ta datse hanyar mota, sai Yaya ta kora su ta inda wutar ta riga ta wuce, tana ganin abin da ya ƙone ba zai sake ƙonewa ba. Gaskiyarta, sai dai a ƙarƙashin tokar garwashi ne. Sha tara suka iso bakin kogi, kofatansu sun tsage, fatar da ke sama da kofaton ta saluɓe. Da farko a durƙushe suke cin abinci, daga baya ma suka daina tashi.

Ranar Litinin da safe likitar dabbobi ta iso shingensu. Yarinya ce da ba ta wuce talatin ba, idanunta jawur don hayaƙi da rashin barci, da gwangwanin jan fenti a hannu. Ta ɗaga ƙafar kowace tunkiya ta duba, ta fesa mata ja a gadon baya. Duka sha taran ta fesa wa.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji ta. "Ranar Alhamis da hantsi zan dawo. Duk wadda ba ta iya tashi ta je kwamin ruwan can da ƙafarta ba, za a yanka ta a binne. Naman ma ba zai ciwu ba, zazzaɓi ya shige shi."

Basilla ne ya cire tabarau ya dubi yarinyar sama da ƙasa.

"Ke 'yata, likita aka turo mana ko mahauci?"

"Baba, ni kaɗai ce da mataimaka biyu, dabba ta fi dubu huɗu a filin nan. Magani ina da shi. Amma in na shafa na naɗa bandeji, kafin in kai layi na gaba ya kwance, sun taka toka da kashi, ƙafa ta ruɓe. Ka taɓa jin kukan tunkiyar da kofatonta ya fita? Ni jiya sau talatin na ji."

"Wato ƙafar ba ta da laifi, ɗaurin ne ba ki iya ba."

"In ka iya wanda ya fi nawa, bismillah." Ta ajiye masa gwangwanin man ƙuna a kan tebur ta wuce shinge na gaba. A bayan raga katafila tana ta haƙar rami, tana tari kamar tsohon mashayin taba.

"Auta, rabu da yarinyar nan, aikinta take yi," Yaya ta ce daga inda take zaune. "In an binne su, ka kira ɗana ya zo ya ɗauke ni. Me zan koma in yi?"

Basilla ya san gidan ɗan nata a babban birni. Hawa na huɗu, ɗaki ɗaya mai taga da ke kallon bangon maƙwabta, da talabijin da ba a kashewa. Sau ɗaya Yaya ta taɓa zuwa, ta yi kwana goma, ta dawo kamar wadda ta tashi daga jinya. In aka kai ta can ba tare da abin da za ta komo wa ba, ya san ba za ta ga wata damina ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, shi kuwa in ya ji tsoro faɗa yake yi.

"Ba inda za ki. Takalmi zan yi musu."

"Su tumakin?"

"A'a, ita katafilar."

"Ka haukace, Auta."

"Yau kika sani?"

Fata ce babu. Amma a ɗakin karatun makarantar, wanda aka mai da sito, akwai abin da ya fi fata ban dariya. Mutanen birane sun aiko da agaji, Allah ya saka musu, sai dai wasunsu durowa kawai suka zazzage. Duk takalmin da zai shiga ƙafar manomi an riga an tsince. Abin da ya rage tudu ne guda har bakin taga: masu tsini, masu duwatsu, masu ruwan zinariya, na ƙwallo masu ƙusoshi, da marasa 'yan'uwa barkatai.

Mai sito wani dogon mutum ne da makullai a ƙugu, irin mutanen da in aka ba su ƙofa guda sai su ɗauka ƙasar aka ba su. Ya ga Basilla na cika buhu, ya zo ya tsaya masa a ka.

"Dattijo, kayan nan na mutane ne, ba na dabbobi ba. Haka aka faɗa mini, haka zan yi."

Basilla ya zaro wani jan takalmi da tsininsa ya kai taƙi guda, ya miƙa masa.

"Wannan na mutane ne? To sa shi. In ka taka daga nan zuwa ƙofa ba ka karye ba, in zube maka kayanka in tafi."

Matan da ke layin karɓar sabulu suka fashe da dariya. Mai sito ya murtuke fuska.

"Zan kai ƙararka wajen shugaban sansani."

"Ka gaishe shi. Ka ce Basilla ne, aji na uku, kusa da famfo." Ya saɓa buhu biyu ya fita.

Teburin malami ya ja bakin taga ya mai da shi shago. Ya je ya auna ƙafafun da zare, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake auna na manyan mutane. Abin alfaharinsa duk rayuwarsa ɗaya ne: takalminsa ba ya sako-sako, yana zama a ƙafa cif kamar da shi aka haifi mutum. Kafin haske ya ɗauke ya gama takwas, na tunkiya biyu. Ɗaya wata matashiya ce, ɗaya kuwa Jagora, tsohuwa mai yagaggen kunne wadda duk garken ke bin bayanta. Baƙar fata mai laushi ya zaɓa musu daga takalman agajin, ya yi ɗinki biyu-biyu, har ya goge baki. Ya shafa magani, ya sa musu, ya ja igiya ya ɗaure tam. Wallahi takalman sun yi kyau, ko a shago za a tsaya a kalle su.

Da safiyar Talata ya tarar da Jagora kwance ta miƙar da wuya, ƙafafunta sun kumbura a saman takalman kamar an hura musu iska. Aka kirawo Likita. Ba ta tsaya kwance igiya ba, almakashi ta sa ta farke ɗinkin nan biyu-biyu. Wari ya bugi kowa. Da ta zare na ƙafar gaba, kofaton ya biyo takalmin.

"Baba, ƙafar da ta ƙone kumbura take yi," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Ka matse ta, jini bai samu hanya ba."

Matashiyar ta tsira, don ƙunarta ba ta yi zurfi ba. Jagora kuwa ba a jira Alhamis ba. Yaya ce ta riƙe mata kai a cinya har aka gama. Da aka ɗauke ta, ta goge hannu a zane ta ce, "Shekara goma sha ɗaya muna tare. Wuta ma ba ta iya da ita ba, Auta."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya da farkakken takalmin a hannu. Mai sito ya zo wucewa, ya leƙa, ya girgiza kai a hankali yadda kowa zai gani. Mutanen maƙwabtan shinge suka ce to, an gama, tsoho zai naɗe kayansa ya koma aji ya kwanta.

Bai koma ba. Bin Likita ya yi har inda take duba wata saniya, ya tsaya a bayanta kamar ɗan makaranta.

"'Yata, koya mini."

Ta juyo ta dube shi, ta ga ba wasa yake ba.

"Ka bar wurin da yatsa biyu za su shiga. Ka huda shi ko'ina iska ta ratsa. Tafin ya yi kauri, kada danshi ya shigo. Ya zama ana buɗe shi sau biyu a rana a sa magani. Igiya a saman gaɓa, kuma kada ka ja ta."

"Wato buhu."

"Buhu mai tafi."

"Shekara arba'in ina koya wa hannuna kada ya yi irin wannan abin kunya."

"To yau ka koya masa ya yi."

Tunkiya sha takwas, ƙafa saba'in da biyu, yini ɗaya da rabi. Ko aljani ne ba zai iya shi kaɗai ba. Ya shiga aji ya tsaya gaban allo ya ce duk macen da ta taɓa riƙe allura ta taso. Shida suka taso, cikinsu har da wata tela da ita ma wuta ta cinye mata shago. Shi yana fasa tsini da guduma yana yanko tafi, tela tana yanka saman, biyu suna huda da ƙusa da dutse, sauran suna ɗinki. Ba yabo ko ɗaya, sai faɗa. "Ke, wannan ɗinki ne ko tafiyar maye? Warware!" Su kuma suna rama masa, don sun ga in ba a mayar masa da magana ba aikin ba ya yi masa sauri. Tsinayen da aka ciccire suka taru a ƙarƙashin allo har suka cika kwali.

Da aka gama na farko ya ɗaga shi a hasken taga. Wani lafcecen abu ne mai ramuka, rabi ruwan hoda rabi kore, bakinsa a wangale.

"Duk wadda ta faɗa a waje cewa ni na ɗinka wannan, ban yafe ba."

"Ai ko mun faɗa ba mai yarda, Baba," in ji tela.

Shugaban sansani bai zo ba. Mai sito dai ya zo sau biyu ya tsaya a ƙofa yana kaɗa makullai, ba wanda ya ɗaga kai, ya gaji ya tafi.

Laraba da la'asar aka sa wa tumaki takalma. Ragon garken ya samu masu duwatsu a gaba, na ƙwallo a baya. Wata ta yi harbi guda, nata ya tashi sama ya faɗa shingen awakin maƙwabta, aka ƙwato shi da ƙyar daga bakin bunsuru. Mutanen da suka yi wata biyu cikin ƙunci suka riƙe ciki don dariya. Basilla bai yi dariya ba. Yana bin ƙafa ɗaya-ɗaya yana cusa yatsu biyu, yana sassauta igiya, yana sake cusawa. Kafin rana ta faɗi Likita ta biyo, ta buɗe takalmi uku, ta duba, ta shinshina, ta mayar ta rufe. Sannan ta ƙara ajiye gwangwanin magani ɗaya a kan tebur.

Ranar Alhamis da hantsi katafila ta gama raminta ta tsaya. Likita ta zo da mataimakanta da mutum biyu masu wuƙa. Jama'a suka jeru a jikin waya. Daga ƙofar shinge zuwa kwamin ruwa taku talatin ne, Basilla ya auna da ƙafarsa ya fi sau goma.

Aka janye teburin da ke tare ƙofa. Ba wadda ta motsa.

Mataimakin Likita ya tafa hannu, ya tura wata da gwiwa. Ta dube shi ta ci gaba da tuƙa. Basilla ya shiga cikinsu, ya lallashe su, ya daka musu tsawa, ya zagi ragon har kakanninsa. Suna kwance abinsu cikin takalman ruwan hoda, ko gezau. Likita ta dubi agogo.

"Baba..."

"Saurara mini! Ƙafafun sun yi sauƙi, ke da kanki kin gani jiya."

"Na gani. Amma ba zan bar dabbar da ba ta iya zuwa ruwa ba, ƙishi zai kashe ta a hankali. Su tashi kawai, in gani."

"Ba ƙafa ba ce," Yaya ta ce. "Wadda suke bi ce babu."

Ta kama wayar shinge ta miƙe. Ta daɗe kafin ta tsaya sosai, Basilla ya ɗauka tsufa ne da zaman wuri ɗaya. Ta ratsa tsakiyarsu ta fita ƙofa da ƙananan taku, ta kaɗa harshe sau biyu, ta yi wani kira daga maƙogwaro da ba wanda ya iya sai ita. Ba ta waiwaya ba.

A taku na biyar matashiyar nan da ta tsira ta ɗaga gindi, ta dafa gwiwa, ta tashi. Ta tsaya tana rawa, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta dubi abin da aka sa mata, sannan ta taka. Rago ya biyo. Sai wata, sai wata. Tafin roba yana bugun ƙasa faɗ, faɗ, faɗ, suna tafe a tale kamar yara masu koyon tafiya. Jama'a suka ɗauki shewa da tafi. Tela tana ƙirgawa da ƙarfi. Sha huɗu suka kai bakin kwami suka tsoma baki. Huɗu suka yunƙura suka kasa, suka koma suka kwanta.

Basilla ya taho da sauri, baki har kunne, ya tanadi maganar da zai yaɓa wa mai sito. Sai idonsa ya faɗi ƙasa. Tsakanin sawun tumakin akwai wani sawu, na silifa, kuma kowane taku ya bar danshi mai ja a kan toka.

Yaya ta zauna a bakin kwamin, fuskarta sharkaf da gumi. Ya durƙusa ya zare mata silifa. Safar ta manne da tafin ƙafar, ba a gane inda zare ya ƙare nama ya fara. Ƙasar da tumakin suka taka ita ma ta taka, a gabansu ma take tafe. Shi da ke fara duban ƙafar mutum kafin fuskarsa, ya yi kwana huɗu yana auna ƙafar tunkiya da zare, bai dubi ta wadda ta goya shi ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, hawaye ya cika tabarau har ya daina gani.

Likita ta leƙa, ta ƙwala wa mataimakinta kira ya kawo mota.

"Haba Mama! Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ku ɗauke ni, in dawo in tarar an rufe rami? 'Yata, goge musu jan nan tukuna, ina kallo."

Likita ta dubi tsohuwar. Ta karɓi koren fenti ta bi su ɗaya-ɗaya tana fesawa a kan ja, har sha huɗu. Sai da ta gama Yaya ta yarda aka ɗaga ta.

"Huɗun can a yi musu a hankali, sun gaji," ta ce wa masu wuƙa. Sannan ta dubi Likita. "Kwana nawa za su riƙe ni?"

"Sati uku, in an yi sa'a."

"Ka ji, Auta. Sati uku. Ruwa sau biyu, magani sau biyu, kuma ka daina zagar mini rago. Share fuskarka, mutane na kallo. In ɗana ya kira, ka ce masa asibiti na tafi, ba gidansa ba. In na fito gida za ni."

"Yaya, ai babu gida."

"Akwai ƙasa," ta ce, ana tura ta cikin mota. "Kafin nan ta huce."